Malam Nan-da-Can

Dakta yana kokawar cusa doguwar takardar da ya naɗe a tsakanin gwiwoyinsa, don kada fasinjoji su murƙushe masa ita, sai ya ji muryarsa tana fitowa daga aljihun wata mata.

Da farko ya ɗauka kunnensa ne. Bas ɗin ta cika maƙil, shi kuma rabonsa da shiga bas har ya manta. Yau ma don motarsa ta kwana wajen bakanike ne. Ya samu kujera a bakin hanya, matar kuwa tana tsaye a gefensa cikin farar rigar ma'aikatan jinya, hannu ɗaya ya damƙi ƙarfen sama, ɗayan yana riƙe da jaka da fulas. Aljihun rigarta ya zo daidai kunnensa. Daga nan muryar take fitowa, da wannan ɗan tarin da yake yi kafin ya shiga magana mai muhimmanci.

"Jinin zai taso daga nan, ya faɗo nan. Kun gani? Sai wannan ta rufe, wannan kuma ta buɗe, ya wuce can."

Shi ne, babu ko tantama. Darasi na bakwai ne, wanda ya ɗauka sau uku kafin ya gamsu da shi.

Wani daɗi ya lulluɓe shi, har ya gyara zama. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da yadda jikin ɗan Adam ke aiki a jami'a, kuma abokan aikinsa Mai Alli suke ce masa, saboda ba ya fitowa daga aji sai da farar ƙura har a gira. A zamaninsa ɗalibai kan zauna a kan taga don su ga yadda yake zana zuciya da hannu biyu a lokaci guda. To amma bana an raba manyan azuzuwan ga matasan malamai, shi aka bar masa kwas guda, na ma'aikatan lafiya masu karatu daga gida ta intanet. Mutum arba'in da biyu ne a rajista. A darasin kai tsaye kuwa bakwai ke shigowa, wani lokaci shida, kowa kyamararsa a rufe, sai baƙaƙen akwatuna a jere a fuskar kwamfuta. A gwajin farko, kashi uku cikin huɗu suka faɗi.

Ranar Litinin shugabar sashe ta kira shi ofis. Tsohuwar ɗalibarsa ce, don haka ta kasa kallon idonsa. Ta ce za ta zauna a darasinsa na yau da ƙarfe biyu, ta rubuta wa kwamiti rahoto. Idan abin bai canza ba, za a ba wani kwas ɗin, shi kuma a mayar da shi ɗakin ajiye takardun jarrabawa har ya yi ritaya. Ya fito daga ofishin ya yanke hukunci cewa zanen ne ya yi ƙanƙanta. Shi ya sa ya kwashe kwana uku yana zana zuciya mai tsayin mutum, da jan fenti da shuɗi, ya kuma sayo sandar nuni sabuwa fil.

Ya ɗaga kai ya dubi matar, ya yi gyaran murya.

"'Yata, karatu ake yi ne?"

Ta ɗan waiwayo iya yadda cunkoson ya bar ta. Idanunta sun yi ja, da gani daga aikin kwana ta taso. "Yi haƙuri, Baba, ya dame ka ko? Abin sawa a kunnena ne ya lalace. Bari in rage."

"A'a, bar shi. Ai da alama malamin ya san abin da yake yi."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Shi kam ya sani. Mu ne dai ba mu sani ba."

Murmushin Dakta ya tsaya a rabi. "Kamar yaya?"

"Saurara ka ji." Ta ɗan matso da aljihun. Muryar tana cewa, "Idan wannan ya matse, sai na can ya saki, shi ke nan ya dawo nan." Ta ce, "To Baba, don Allah ina ne nan? Ina ne can? Mu a guruf ɗin ajinmu na waya Malam Nan-da-Can muke ce masa."

Dakta ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya ce, "Ai ina jin nunawa yake yi a allo. Ba kya kallo ne?"

"Da wane idon? Ga shi kana gani." Ta ɗaga jakar da fulas ɗin. "In ina hanya, hannuna a cike. In na isa gida, wanki da girki da yara. Wayar tana aljihu ko a kan taga. Ga data, bidiyonsa ɗaya awa biyu ne, in ka buɗe hoton kafin a kai rabi ta cinye. Duk ajinmu haka ne, kowa yana da aikin yi. Murya kawai muke saukewa. Ni wallahi ko a hanya na gan shi ban san fuskarsa ba."

"Ba ki san fuskarsa ba," Dakta ya maimaita a hankali.

"Sau biyu ina faɗuwa a kan zuciyar nan. Ni da nake auna bugunta kullum, a ce in bi jini daga shigarsa zuwa fitarsa ya gagare ni. In na sake faɗuwa, ajiye karatun zan yi, na gaji."

Ya kamata ya yi shiru ya ji da kunyarsa. Amma malami ne, kuma an ce ba a gane ba a gabansa. Abin da bai taɓa iya jurewa ba ke nan. Hannunsa ya tashi da kansa zai zana a iska, sai ya ga ta riga ta juya, wani mai buhu ya tokare ta. Ba za ta ga komai ba. Ya kalli takardar da ke tsakanin gwiwoyinsa, babu wurin warware ta. Ya kalli hannunta da ke dunƙule a jikin ƙarfen sama. Nan take wata dabara ta faɗo masa.

"'Yata, ni ma na ɗan taɓa karatun nan. Hannun nan naki da ke riƙe da ƙarfe, kada ki kalle shi, ji shi kawai. Girman zuciyarki ke nan. Motsa ƙaramin yatsa."

"Na motsa."

"Shi ne ɗakin sama na dama. Jinin da ya gama zagaya jiki, ya gaji kamar ke, nan ne masaukinsa na farko. Motsa yatsan zobe. Ɗakin ƙasa na dama ke nan, jinin ya gangaro cikinsa. To tsakanin yatsan zobe da na tsakiya akwai katanga, babu ƙofa. Ina zai bi?"

Ta ce, "Huhu?"

"Ja numfashi."

Ta ja. Wata tsohuwa da ke zaune kusa da shi ita ma ta ja, har da lumshe ido.

"Ya je huhu ya sha iska ya wartsake. Yanzu yatsan tsakiya, ɗakin sama na hagu. Sai manuni, ɗakin ƙasa na hagu, shi ne ƙaƙƙarfan cikinsu, kamar yadda manuni ya fi sauran aiki. Shi zai tunkuɗa jinin cikin babban yatsa, wato babbar jijiya, ya tafi ko'ina a jiki. Maimaita mini."

"Ƙarami, zobe, numfashi, tsakiya, manuni, babba." Ta sake faɗa, wannan karon da sunayen ɗakunan, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta juyo da ƙarfi har fulas ɗin ya bugi mai buhu. "Baba, shi ke nan? Abin da na yi wata biyu ina kuka a kansa?"

"Akwai saura, amma wannan ne ƙashin bayan."

"Kai, Allah ya saka da alheri. Da ma kai ne malamin namu." Bas ta tsaya, ta kutsa ta sauka tana motsa yatsu a jikin hannun jakarta.

"A gyara abin kunnen nan," ya ce da ita ta taga, ta ɗaga masa fulas.

Daga tashar jami'a zuwa sashensu tafiyar minti goma ce, amma Dakta ya yi ta a biyar, takarda a hammata, yana magana shi kaɗai. Yana shiga ɗan ɗakin ɗaukar darasi ya kira matarsa.

"Kin tuna abin da kika faɗa mini?"

"Wanne daga ciki? Suna da yawa."

"Ranar da nake gwada darasi a falo, kina kicin. Kika ce ba kya jin komai sai nan da can."

"Ka ce ai ba don ni kake yi ba."

"To ashe don ke nake yi. Duk ɗalibana a kicin suke."

"Maigida, lafiyarka kuwa? Ka sha maganin hawan jininka?"

"Na sha. Ki yi mini addu'a, ƙarfe biyu ne."

Ya ajiye wayar ya dubi ɗakin. Farin allo, fitila mai ƙafa, kyamara a saman kwamfuta, kujerar baƙo guda. Ya jingine takardar a lungu ba tare da ya warware ta ba, ya ɗora sandar nuni a kanta. Ya kama allon ya juya fuskarsa ga bango, don ya san halin hannunsa. Sannan ya buɗe guruf ɗin ajin, inda bai taɓa aika komai ba sai sanarwa a rubuce, ya danna ya yi saƙon murya.

"Malaminku ne. Darasin yau ba ya bukatar ido. Ku rufe hoto, ku sa waya a aljihu, ku ci gaba da aikinku. Hannu ɗaya kawai nake so ku ara mini. Minti arba'in ne, ba awa biyu ba."

Sauran lokacin ya zauna da fensir yana bin takardun darasinsa, duk inda ya saba nunawa da sanda sai ya tambayi kansa yadda zai faɗe shi ga mai wanke kwano. Abincin rana ma ya manta da shi.

Biyu saura minti biyar shugabar sashe ta shigo da littafinta. Ta kalli allon da ya ba ta baya, ta kalli Dakta, wanda ke zaune a kan tafukan hannunsa biyu kamar ɗan firamare da aka yi wa faɗa.

"Malam, lafiya? Ina zanen da aka ce ka kwana uku kana yi?"

"Yana hutawa. Zauna, ranki ya daɗe."

Akwatuna bakwai suka bayyana, baƙaƙe kamar kullum. Maimakon ya fara da taken darasi, sai ya ce kowa ya buɗe makirufo ya faɗi inda yake da abin da ke hannunsa. Shiru ya biyo baya. A da, shirun daƙiƙa uku ya isa ya sa shi ci gaba da zuba. Yau ya ƙirga har goma sha biyar a zuci, gumi na tsattsafo masa, shugaba tana kallon agogo.

"Ina shagon magani," wata murya ta ce a ɗarare. "Ina jera kwalabe."

"Madalla. Wa kuma?"

Wata tana ɗakin hutun asibiti da kofin shayi. Wani yana layin karɓar yara a makaranta. Wani ya ce tuƙi yake yi, Dakta ya ce, "Kai kam bar yatsunka a kan sitiyari, ka fita, zan aiko maka da muryar daga baya." Aka yi dariya, karo na farko da ya taɓa jin dariyar ajin nan. Da ya saci kallon ƙasan kwamfutar, sai ya ga mahalarta sun kai goma sha uku.

Ya sa su dunƙule hannu. Ya bi da su yatsa bayan yatsa, ya sa su ja numfashi tare, har ana jin hucin a lasifika. Bayan minti biyar ya tsaya ya ce mai shagon magani ya maimaita. Ya maimaita, ya tsallake numfashin, sai mai kofin shayi ta yi caraf ta ce, "Ka kashe mara lafiyar, bai je huhu ba." Wani ya rubuta a guruf cewa a shigo, yau abin na daban ne. Goma sha tara. Ashirin da huɗu.

Daɗi ya ɗebe Dakta, hannunsa na dama ya suɓuce daga ƙarƙashinsa ya nufi bayan allo. "To idan jinin ya taso daga nan..."

Wani ya kasa riƙe dariya. Dakta ya tsaya, ya kalli hannun, ya mayar da shi mazauninsa.

"Na san sunan da kuke kirana da shi," ya ce. "Kuma kun yi gaskiya. Daga yau duk wanda ya kama ni na ce nan ko can ban faɗi sunan wurin ba, ya tsayar da ni, yana da maki ɗaya."

Kafin a yi minti goma sun kama shi sau uku, suna rige-rigen buɗe makirufo. Shugabar sashe ta rufe baki da littafinta, kafaɗunta na rawa. Da ya jefa musu tambaya, me zai faru idan aka haifi jariri da rami a katangar da ke tsakanin yatsan zobe da na tsakiya, mutum huɗu suka ɗauki amsa a tare, suka shiga gardama a junansu kan inda jinin zai karkata. Dakta ya bar su. Ya lura shugaba ma ta dunƙule hannun hagu a kan cinyarta tana motsa yatsu.

Saura minti biyar a tashi, lamba ta kai talatin da ɗaya. Wani makirufo ya buɗe, aka ji ƙarar ruwa na zuba a bokiti.

"Dakta, afuwan, barci ya ɗauke ni, yanzu na shigo," wata mata ta ce. "Amma wannan na yatsun ai na san shi. Wani tsoho ne ya koya mini yau da safe a bas. Wallahi cikin minti uku. Da jami'a za ta nemo shi ya riƙa taimaka maka, da an huta."

Shugaba ta ɗago kai. Dakta ya ji dariya da wani abu mai kama da kuka sun taho masa tare.

"Wane irin tsoho ne?" ya tambaya.

"Mai furfura, da tabarau, yana rungume da wata doguwar takarda kamar tabarma. Muryarsa ma..."

"An gyara abin kunnen?"

Ƙarar ruwan ta tsaya. Sai ɗaya daga cikin baƙaƙen akwatunan ya yi haske. Ga ta nan, ta kusanto da wayar har goshinta ya cika hoton, kumfar sabulu a hannunta, igiyar shanya a bayanta. Ta zaro ido, ta dafe baki da hannun mai kumfa.

"Baba. Na shiga uku. Don Allah ka yafe mini."

"Ni ne zan ce ki yafe mini, 'yata. Wata biyu kina kuka."

Sauran suka so ganin abin da ke faruwa. Akwati na biyu ya buɗe, ga mai shagon magani da kwalba a hannu. Na uku, na huɗu, na goma. Wata da goyo, wani a ƙarƙashin bishiya, wata da hular tiyata. Dakta ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Tun farkon zango yake magana da baƙin gilashi, yana zaton babu kowa a bayansa.

"Ku rufe, ku rufe," ya ce da ƙyar. "Datarku za ta ƙare."

Babu wanda ya rufe sai da ya sallame su.

Ɗakin ya yi shiru, sai ƙugin fanka. Shugabar sashe ta daɗe tana rubutu, shi kuma yana zaune yana jiran ta kamar mai jiran sakamakon gwajin jini. Ta rufe littafin.

"Malam, bidiyo goma sha takwas ka ɗora, kowanne awa biyu. Yaya za a yi da su?"

"Zan sauke su duka. Zan sake su da murya, minti goma-goma, kowanne da tambaya a ƙarshe. Sai uwargida ta saurara daga kicin ta ce ta gane kafin in aika. Zanen kuma in ɗauki hotonsa, mai son kallo ya kalla in ya samu hannu."

"Zuwa yaushe?"

"Ki ba ni mako uku."

"Na rubuta wa kwamiti a bar maka kwas ɗin har ƙarshen shekara." Ta miƙe, wannan karon ta kalle shi ido cikin ido. "Kuma na rubuta cewa ranar Alhamis mai zuwa za ka zauna da matasan malamanmu. Jiya na saurari nawa darasin, yanzu na gane ni ma ashe haka nake yi. A wajenka na koya."

Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Af, takardar rajistar ajin, zan haɗa da rahoton. Tana ina?"

Hannun Dakta ya tashi, manuni a miƙe, bakinsa ya buɗe. Ya tsaya. Ya sauke hannun a hankali ya zauna a kansa.

"Aljihun tebur na biyu, ɓangaren dama," ya ce, "a ƙarƙashin kwalin alli."